Bulaƙ: Ƙasar da Nilu Ya Bari

A shekarar 969, lokacin da Jauhar, kwamandan Faɗimawa, ya shata ganuwar Alƙahira, ko wurin kafa turke babu a inda ake kira Bulaƙ yau. Ruwa ne zalla. Nilu na wancan zamani yana bi ne ta gabas da hanyarsa ta yanzu, mashigin jiragen birnin kuwa yana wani ƙauye mai suna Maƙs, kusa da inda babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis take. Wanda ya taɓa tsayawa a wannan dandali, cikin hayaƙin motoci da ihun kwandastoci, da wuya ya yarda a nan aka taɓa ɗaure jirage.

Maƙrizi, malamin tarihin da ya bi unguwannin Alƙahira lungu-lungu ya rubuta labarinsu kafin rasuwarsa a 1442, shi ya faɗi yadda aka fara. Ya ce a ƙarshen zamanin Faɗimawa wani babban jirgi da ake wa laƙabi da Giwa ya nitse a arewa da Maƙs, aka bar shi nan. Yashi ya yi ta taruwa a jikinsa har ya zama tsibiri, aka sa wa tsibirin sunan jirgin. Ko jirgin ne ya jawo, ko dai dama kogin ya yi niyyar kaucewa, abin da ya biyo baya a fili yake: kowace ambaliya ta zo ta janye sai ta bar sabon tudu, kogin ya ƙara matsawa yamma. Mashigin Maƙs ya cike, jirage suka daina isa sai in ruwa ya kai maƙura. Tsakanin tsohuwar gaɓa da sabuwa aka sami fili na rairayi da ciyawar bakin ruwa, wanda da farko ba a ga amfaninsa ba sai ga sojojin Mamluk, da suke zuwa koyon harbin baka.

A 1313, zamanin Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, aka yi shela cewa mai son gini ya je ya yi. Waɗanda suka fara amsawa manya ne, sarakunan yaƙi da manyan ma'aikatan fada da attajirai. Suka gina gidajen shan iska masu tagogi a kan ruwa, suka dasa lambuna. Bulaƙ ta farko ke nan, wurin hutun masu hali.

Ba ta daɗe a haka ba. Ɗaya daga cikin jijiyoyin baitulmalin Masar a wancan lokaci ita ce cinikin kayan yaji, masoro da kanumfari da kirfa da citta, waɗanda ke tasowa daga Indiya zuwa Turai. Da can ana sauke su ne a Aizab, can kudu a gaɓar Bahar Maliya, raƙuma su ratsa sahara da su zuwa garin Ƙus, jirage su gangaro da su Fusɗaɗ, tsohuwar tasha ta kudancin Alƙahira. Da wannan hanya ta mutu, kaya suka koma bi ta Jidda zuwa ƙarshen arewa na Bahar Maliya, daga nan a kan raƙumi zuwa Alƙahira. Sai aka bukaci mashigi a arewacin birni, wanda zai tura su Iskandariyya inda fataken Banis ke jira. Sarki Barsbai, wanda ya yi mulki daga 1422 zuwa 1438, ya ƙwace cinikin kayan yajin ya mai da shi na fada, kuma a Bulaƙ aka sassaƙa jiragen yaƙin da ya ci tsibirin Ƙubrus da su a 1426, ya kamo sarkinsu aka zaga da shi cikin gari. Daga nan gidajen shan iska suka fara ba rumbuna da wuraren sassaƙa wuri. Masallatai biyu na wannan ƙarni suna nan har yanzu: na Alƙali Yahaya, wanda aka gina wajen 1448, da na Shaihu Abul Ila, wanda wani attajiri ya gina masa a zamanin Sarki Ƙaitbai. Da sunan wannan shaihu ake bambanta unguwar, a ce Bulaƙ Abul Ila, domin akwai wata Bulaƙ a tsallaken kogi, ta Dakrur, wadda Maƙrizi ya danganta da wani waliyyi mutumin ƙasashen Takrur, wato Afirka ta Yamma, da ya zauna a can zamanin Faɗimawa. Ɗalibinmu da ya sauka Alƙahira ya ce wa direba Bulaƙ kawai, yana iya tsintar kansa a wadda bai nufa ba.

Ƙarni uku na mulkin Turkawa, daga 1517, su ne ganiyar Bulaƙ. Nilu kogi ne mai saukin kai ga matuƙi: ruwansa yana gangarawa arewa, iska kuma galibi tana kaɗawa kudu. Mai gangarowa ya saki jirgi ruwa ya ɗauke shi, mai haurawa ya buɗe ƙyalle iska ta tura shi. Don haka duk abin da Masar ta noma da duk abin da ta saya daga waje, a bakin wannan gaɓa yake haɗuwa. Alkama da wake daga ƙauyuka, shinkafa daga Dimyaɗ da Rashid, sukari, man girki, zaren kittani, katako daga Anadol da Sham domin Masar ba ta da dazuzzuka, sabulu daga Falasɗinu, taba. Da Turawan Fotugal suka zagaya Afirka suka rage wa kayan yaji armashi, sai gahawar Yaman ta maye gurbi, ta zama ita ce mai yin attajirai a ƙarni na 17 da na 18. Ofishin kwastan a lokacin yana nan, kuma wanda ya riƙe shi ya riƙe maƙogwaron birnin.

Ginin da ya fi bayyana halin wurin shi ne wakala. Fili ne a tsakiya, kewaye da ɗakunan ajiya a ƙasa, ɗakunan kwanan fatake a sama, ƙofa ɗaya babba da ake rufewa da dare. Wanda ya san gidan fatoma a tsohuwar fatauci ta ƙasar Hausa, inda baƙo zai sauka, a ajiye masa kaya, a nemo masa mai saye, a tsaya masa a kan bashi, ya san aikin wakala, illa dai ita da dutse aka gina ta, wata ma ta kai girman unguwa guda. Kowace da kayan da aka san ta da shi. Malama Nelly Hanna, wadda ta bi takardun kotu da na wakafi ta fitar da littafi kan Bulaƙ a 1983, ta gano sama da 60 a wannan 'yar unguwa. Gwamnonin da Santambul ke aikowa sun gane inda kuɗi yake. Sulaiman Basha ya gina nasa wakalolin, Sinan Basha ya gina masallacinsa mai ƙatuwar ƙubba a 1571, ya kewaye shi da gidan wanka da shaguna da masaukai, ya yi wakafinsu. A bakin ruwa aka gina masallacin. Yau sai ka ratsa layuka da dama daga ƙofarsa kafin ka ga kogi, domin Nilu bai daina ja da baya ba sai da aka ɗaure gaɓarsa da dutse a ƙarni na 19.

Sunayen gwamnoni ne a jikin gine-gine, amma ba su ne mutanen Bulaƙ ba. Mutanenta a wancan zamani matuƙa ne, 'yan dako, masu awo, masassaƙan jirgi, masu tufka igiya, masu matsar mai, masu jakuna da ke jigila tsakanin gaɓa da birni. A lokacin, tsakanin nan da Alƙahira akwai gonaki na tafiyar kusan rabin sa'a, waɗanda ambaliya kan shafe, shi ya sa Bulaƙ ta tashi tana ganin kanta gari ne daban. Tana da alƙalinta, da kasuwanninta, da waliyyanta. Lokacin da malaman da Napoleon ya zo da su daga Faransa suka yi ƙiyasi, sun ba ta mutum 24,000, Alƙahira kuma kimanin 263,000. Ƙarama ce, amma gurasar da babbar ke ci ta hannunta take bi.

Mutanen da suka saba ɗaga buhu da jan igiya ba su da saurin sunkuyar da kai, Faransawa kuwa sun gane haka da tsada. A watan Yuli na 1798, da rundunar Napoleon ta iso Imbaba a tsallaken kogi, Sayyid Umar Makram ya ɗauko tuta daga fadar kan dutse ya jagoranci talakawan birni zuwa Bulaƙ, da sanduna da gorori. Daga wannan gaɓa suka tsaya suna kallo aka karya dawakin Murad Bey, jagoran Mamluk, a waccan. Ba su sami yin yaƙi ba ran nan. Sun samu a watan Maris na 1800, da Alƙahira ta yi bore na biyu. Jagoransu a Bulaƙ wani mai sayar da mai ne, Alhaji Musɗafa Bashtili, wanda tun kafin nan Faransawa suka taɓa kama shi da albarushi ɓoye cikin tulunan mai. Suka auka wa sansanin Faransawa na bakin kogi, suka kwashe rumbunansu, suka datse hanyoyi. Da aka yi tayin sulhu suka ƙi. A tsakiyar Afrilu Janar Kleber ya sa aka buɗe wa unguwar wuta da igwa, sojoji suka shiga gida-gida, aka ƙone wakaloli da abin da ke cikinsu. Malamin tarihi Jabarti, wanda yake raye a birnin lokacin, ya rubuta yadda gawarwaki suka cika hanyoyi. Abin da aka yi wa Bashtili ya fi kisa muni: Faransawa suka miƙa shi ga mutanensa, aka ɗora masa alhakin abin da ya same su, aka sa suka kashe shi da duka. Wata biyu bayan haka wani ɗalibi mutumin Halab ya daɓa wa Kleber wuƙa a lambun gidansa.

Faransawan sun bar abu guda mai amfani, wato miƙaƙƙiyar hanya mai tudu daga Azbakiyya zuwa gaɓa, wadda ruwa ba ya shafewa. Ita ce titin 26 ga Yuli na yanzu.

Muhammad Ali, wanda ya karɓi mulki a 1805, ya tarar da kango, ya mai da shi masana'anta. A nan ya kafa wurin ƙera jirage. Da zai kai yaƙi Hijaz a 1811, a Bulaƙ aka sassaƙa jiragen gunduwa-gunduwa, aka ɗora wa raƙuma zuwa Suwez, aka harhaɗa su a can. Ya kafa masaƙa, wadda jama'a suka riƙa kira Malta saboda yawan ma'aikata 'yan wannan tsibiri, ya kafa maƙerar narka ƙarfe, a 1834 kuma makarantar injiniyoyi. Yawancin waɗannan sun mutu tun kafin shi ko jim kaɗan bayansa. Abu ɗaya ne ya rayu, kuma shi ya kai sunan unguwar inda jiragenta ba su taɓa zuwa ba.

A 1815 ya aika wani saurayi, Niƙola Masabiki, birnin Milan na Italiya ya koyo aikin ɗab'i da zubin haruffa. Wajen 1820 aka kafa maɗaba'a a bakin kogi, a 1822 ta fitar da littafinta na farko, ƙamus na Italiyanci da Larabci. Kada a ɗauka son ilimin addini ko na adabi ne ya motsa Muhammad Ali. Soja yake ginawa, yana son littattafan horar da dakaru, da na lissafi, da na likitanci, da dokoki. Cikin littattafai 243 da aka lissafa ta buga a shekaru 20 na farko, na Turkanci sun ɗan fi na Larabci yawa. A 1828 ta fara buga jaridar gwamnati. Amma inji in an kafa shi ba ya tambayar niyyar mai shi. A 1834 ya buga labarin tafiyar Rifa'a Ɗahɗawi zuwa Faris, a 1835 ya buga Dare Dubu da Ɗaya cikin juzu'i biyu, bugun da har yau masana ke komawa gare shi. Daga tsakiyar ƙarni kuwa sai aka shiga manyan littattafai: littafin Maƙrizi kan unguwannin Masar a 1853, Muƙaddimar Ibn Khaldun a 1857, Lisanul Arab cikin juzu'i 20 a shekarun 1880, Fathul Bari, sannan Sahihul Bukhari wanda Sarkin Santambul Abdulhamid na II ya ba da umarni a buga, aka gama wajen 1895.

A ganina, waɗanda suka cancanci yabo a wannan aiki ba sarakunan da sunansu ke shafin farko ba ne. Malaman Azhar ne da aka ɗauka aikin gyara, irin su Shaihu Nasar Hurini, waɗanda suka zauna shekara da shekaru suna gwada kwafin hannu da kwafin hannu, suna bin harafi ɗaya-ɗaya a kan takardar gwaji. Kafin su, kowane kwafi na littafi da kurakuransa, na mai rubutu da na wanda ya kwafa daga gare shi. Bayansu, malami a Fas da malami a Dimashƙa suna iya cewa juzu'i kaza shafi kaza, su duba su ga abu ɗaya. Galibin littattafan zaure masu ɗorawar takarda da suka cika Kano da Sakkwato da Zariya a ƙarni na 20 ba daga nan suka fito kai tsaye ba, daga maɗaba'un 'yan kasuwa ne na kusa da Azhar, irin ta gidan Halabi. Sai dai tsarin shafin, da matani a tsakiya da sharhi a gefe, da kuma gyararren nassin manyan littattafai da yawa, gadon Bulaƙ ne. Wasu bugun Bairut da ake saye a kasuwa yau ma hoton shafukan Bulaƙ ne aka ɗauka, aka yi musu sabon bango mai ruwan zinari.

Akwai kuma Alƙur'anin 1924. Kwamitin malamai ne a zamanin Sarki Fu'ad suka tsayar da rubutu da wasulla da alamomin tsayawa a kan ruwayar Hafs, aka tsara haruffansa a wannan maɗaba'a. Ƙasar Hausa ta gaji Warsh ne, rubutun hannu cikin gafaka. Yaron Islamiyya da ke karatu da Hafs yau daga bugun Madina, tsarin da idonsa ke bi ya samo asali ne daga wancan aiki. A 1973 aka kwashe injinan maɗaba'ar zuwa Imbaba.

Wani baƙon da ya sauka a unguwar na ɗan lokaci shi ne gidan kayan tarihin Fir'aunoni. Bafaranshen nan Mariette ya sami wasu tsofaffin ɗakuna na kamfanin jiragen ruwa a bakin gaɓa, aka buɗe su a 1863. Ambaliyar 1878 ta shiga ta yi ɓarna, wanda ya nuna ba a yi dabara ba wajen zaɓen wurin, amma kayan ba su tashi ba sai wajen 1891. Don haka a nan jirgi ya sauke gawarwakin sarakunan da aka gano a wani rami kusa da Luksor a 1881, cikinsu har da Ramsis na II. Ana ba da labarin cewa jami'in kwastan ya duba kundinsa bai ga layin da ya dace da su ba, sai ya yanka musu harajin busasshen kifi. Ko da ƙari a labarin, ya dace da wurin da ba a san wani kaya ya wuce ba a auna shi ba.

Abin da igwar Kleber ba ta yi ba, jirgin ƙasa ya yi. A 1856 aka gama layin dogo daga Iskandariyya zuwa Alƙahira, tashar kuwa aka kafa ta daidai tsohon mashigin Maƙs. A 1869 aka buɗe mashigin Suwez, kayan Indiya suka daina taɓa Alƙahira sam. Fatake suka tashi, wakaloli suka koma rumbuna ko gidajen haya. Sai dai unguwar ba ta mutu ba, sana'a ta sake. Garejin gyaran jiragen ƙasa ya zauna a gefenta, kamfanin Thomas Cook ya kafa wurin gyaran jiragensa na 'yan yawon buɗe ido, maƙera suka cika Sabtiyya, wadda har yau ita ce kasuwar ƙarfe. Gonakin da suka raba ta da birni suka cike da gidaje. Mutanen kudancin Masar suka yi ta kwararowa neman aiki, kowa ya sauka lungun da 'yan ƙauyensu suke, Musulmi da Kiristoci Kibɗawa, ga kuma Italiyawa da Armeniyawa da makarantunsu. Ma'aikatan garejin jirgin ƙasa sun yi yajin aiki a 1910, sun sake yi a 1919 lokacin da ƙasar ta tashi wa Ingilishi. A tsakiyar ƙarni na 20 mutanen gundumar sun haura 200,000, cunkushe a ɗakunan da iyali guda ke kwana a ɗaya.

Masu bincike da suka zauna da su a shekarun 1970, irin su Evelyn Early wadda ta yi littafi kan matan unguwar, sun tarar da jama'a masu alfahari da cewa su ne 'yan gari na asali. Mata suna adashi, suna saro kaya su sayar daga ɗaki, suna kai ziyara kabarin Abul Ila in yaro ba shi da lafiya. Lungu shi ne tsakar gida: a nan ake biki, a nan ake zaman makoki, a nan ake faɗa a kuma shirya. A da can kowane yanki yana da ƙaton da ke riƙe da shi da gora, mai kare maƙwabta yau, mai karɓar kuɗi a hannunsu gobe.

A 1912 aka buɗe gadar ƙarfe tsakanin Bulaƙ da tsibirin Zamalik. An yi ta ne ta riƙa ɗagewa jirage su wuce, amma ɗagawar ba ta yi aiki yadda aka so ba, har mutanen gari suka ƙaga labarin cewa mai hasumiyar Faris ne ya gina ta, ya faɗa ruwa don baƙin ciki. Ba shi ya gina ta ba, kuma a gadonsa ya mutu. Abin da gadar ta yi na gaske shi ne ta sa unguwanni biyu suka fuskanci juna, Zamalik ta jakadu da masu kuɗi, Bulaƙ ta masu yi musu wanki da tuƙi da gyaran famfo. An kwance ta a 1998.

Wakalar da sunanta ya fi tashe yau ita ce ta Dabino. Da can jiragen kudu ne ke sauke dabino a wurin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta koma kasuwar tarkacen da sojojin Ingila suka bari, tsofaffin ƙarafa da kayan mota da barguna, daga nan ta zama babbar kasuwar gwanjo da yadi ta Alƙahira. Ana kwance dila tun da asuba, rataye-rataye sun toshe layuka har ƙarƙashin gadar sama, matan Zamalik ma suna tsallakowa su tsinci na kanti a ciki. Wani shahararren wasan talabijin na tsakiyar shekarun 1990, wanda Nur Sharif ya fito a matsayin yaron shago da ya zama hamshaƙin mai tsofaffin ƙarafa, a wannan kasuwa aka kafa labarinsa, kuma Misirawa ba su gaji da maimaita kallonsa ba.

Yanzu sai a dubi abin da ya sami kogin kansa. A shekarun 1950 gwamnatin sojoji ta shimfiɗa babban titi a bakin Nilu daga wannan kai na birni zuwa wancan, ya ratsa tsakanin Bulaƙ da ruwanta. A 1960 aka buɗe gidan talabijin na ƙasa a Masbiro, a kusurwar kudu ta unguwar. Madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, ta kashe ambaliya. Kogin da ba ya ɗaukar kaya kamar da, ba ya kuma cin gida, ya zama abin kallo ta taga, kallon nan kuwa yana da farashi. Otal ya tashi, ma'aikatar harkokin waje ta gina dogon benenta, bankuna suka biyo, daga baya tagwayen benaye na Nile City suka tsaya a Ramlat Bulaƙ, inuwarsu tana faɗawa kan ɗakunan da ba su da ruwan famfo. Kusan shekara 500 ƙasar nan tana hannun masu aikin ƙarfi domin amfanin kogi shi ne ɗaukar kaya. Da amfaninsa ya koma shan iska, irin mutanen da suka fara amsa shelar 1313 suka dawo neman wurinsu.

Tashin farko mai girma ya zo zamanin Shugaba Sadat. Bayan boren gurasa na Janairun 1977, gwamnati ta ƙara ƙyamar lungunan da motar 'yan sanda ba ta iya shiga a tsakiyar birni. Daga 1979 zuwa 1981 aka kwashe iyalai kimanin 5,000 daga yankin Turjuman zuwa gidajen gwamnati a Zawiyatul Hamra da Ain Shams, da sunan za a gina cibiyar kasuwanci ta zamani. Filin ya shekara da shekaru yana wurin ajiye motoci, daga baya ya zama tashar bas. Malama Farha Ghannam ta bi waɗanda aka kwashe ta zauna da su, ta tarar bayan shekaru da dama har yanzu 'yan Bulaƙ suke kiran kansu, sababbin maƙwabtansu kuma suna musu kallon 'yan tasha.

Na biyu ya zo a 2018, a kusurwar da ke bayan gidan talabijin. Kamfanonin ƙasashen Larabawan Tekun Fasha sun daɗe da saye kaso mai yawa na filin a takarda, mutane kuwa suna zaune a kai da tsohuwar haya. Gaskiya ne gidajen sun lalace, wasu sun rufta da mutane, girgizar ƙasa ta 1992 ta ƙara tsattsaga su. Amma mazauna sun daɗe suna kukan cewa hukuma ta hana su takardar izinin gyara, kuma wanda aka hana shi yaɓe bai kamata a zo ana masa gorin tsagewar bango ba. An yi shekaru ana tattaunawa, matasan unguwar da wasu masu zanen gine-gine suka fitar da tsarin da zai bar jama'a a wurinsu, a 2015 kamfanin Norman Foster na Ingila ya ci gasar zane. A ƙarshe katafila ce ta yi magana. Iyalai kimanin 4,500 aka ba zaɓi uku: su karɓi diyya, ko su koma Asmarat can kan dutsen Muƙaɗɗam, ko su jira a gina benaye su dawo su biya a hankali. Mafi yawa suka karɓi kuɗin, domin mai cin yau da na yau ba ya iya jiran gini. Kimanin 900 ne suka sa hannu a kan dawowa.

Ƙidayar 2017, wadda aka yi kafin wannan rusau, ta sami ƙasa da mutum 50,000 a gundumar Bulaƙ. Masallatan Sinan da Abul Ila da Alƙali Yahaya suna cikin rajistar kayan tarihi, doka ta hana a taɓa su, an kuma gyara tsohon bargar dawakin sarki da ke titin 26 ga Yuli aka sake buɗe shi a 2020 a matsayin gidan adana kekunan doki na sarauta. Layukan da ke tsakaninsu, da maƙeran Sabtiyya, da 'yan gwanjon wakalar Dabino, ba sa cikin wannan rajista.